Na Zauna a Layin Dangi

Sannunku da haƙuri, masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto cewa, “Fumino, don Allah ki auri bawan Allahn nan mu huta.” 'Yar uwa, da abin na baki ne da tuni an sha biki. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga ni: sunana Fumino Kurahashi, 'yar masu gonar lemo a wani ɗan tsibiri da ba a shigarsa ba a fitarsa sai ta jirgin fito. Na yi shekaru ina aikin ofis a Osaka, bara na dawo gida da akwatunana da kuma wani kaya da ban nuna wa kowa ba. Ina shan giya. Ba irin shan biki ba, irin wanda in rana ta take ban kurɓa ba hannuna ke soma rawa.

A ofis na koya, inda ƙarami ke zuba wa babba bayan an tashi aiki, babba ya zuba wa ƙarami, kuma ba a cewa a'a. Su sun iya tsayawa, ni ce ban iya ba. Da na dawo gida sai na mayar da abin cikin flas ɗin shayi. Ina zaune a rumfar da muke zaɓen lemo, ƙamshin fure na saukowa daga tudu, teku a ƙasa ta yi lumui kamar an shimfiɗa zani, ni kuma ina kurɓa ina kallon jirage har ido ya lumshe. Mama takan wuce ta ce, “Yarinyar nan da son shayi, sai ka ce tsohuwa.”

Sai ga Motoki Hamaguchi. Mama da wata ƙawarta ne suka ƙulla abin, ni kuma na je da niyyar in ƙi. A jirgin fitonmu yake aiki, shi ke jefa igiya in an iso gaɓa, yana kuma karatun neman takardar zama kyaftin. Dogo ne, rana ta ƙona masa wuya, in zai yi magana sai ya fara duban sama kamar a can aka ajiye kalmomin. Saƙonninsa kuwa, ku da kuke jiran kalaman soyayya ku haƙura. Ga irin wanda yake turo min kowace safiya:

“Teku ta kwanta yau. Kin karya?”

Shi ke nan fa. Amma wallahi sai in karanta shi sau goma, in kwanta a kan tabarma in gina mana gida a zuciyata, mai taga tana kallon mashigar jirgi, in rataya masa farar rigar kyaftin a bango, har yara na haifa mana na raɗa musu suna. Motoki ba ya shan komai sai shayi, domin kowace safiya sai sun hura wata na'ura mai gano giya a numfashi kafin a bar su su taka jirgi. Mutumin da jita-jitar giya kaɗai za ta iya raba shi da aikinsa, shi zuciyata ta ga dama ta so.

Mama ba ta tsaya wasa ba. Wata rana na shigo na tarar ta baje kimonon da ta yi nata baikon da shi, doguwar rigarmu ta gargajiya, ruwan hoda mai zanen tsuntsaye a gefen ƙafa, ga kuma jajayen kofunan da ake shan giyar shinkafa da su ranar baiko, tana goge su da tsumma.

“Da an gama damina za a yi,” ta ce. “Na gaya wa uwarsa.”

“Mama, saurin me ake yi?”

“Saurin me? Ke lemo ce da za a bar ki a bishiya har hankaka ya fara leƙe? Zo nan in gwada miki.”

Ta ɗaure min ɗamara har numfashina ya tsaya, ta juya ni gaban madubi. Na yi kyau, ba yabon kai ba. Amma idona na kan kofunan nan, kuma abin da na ji a maƙogwarona ba kunyar amarya ba ce, ƙishi ne. A nan tsoro ya kama ni na gaske.

Da Mama ta fita na zauna da kimonon a jikina, na ɗauki waya na rubuta, “taron masu son barin giya kusa da ni.” Na goge. Na sake rubutawa. A tsibirinmu babu, kuma ko akwai wa zai je, wurin da in ka yi atishawa a tudu za a ce maka sannu a bakin ruwa? Na bi jerin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi nisa, wancan sai bayan jirgi ya daina tashi suke zama. Can na ga wata ƙungiya a garin da ke tsallaken ruwa, suna haɗuwa ranar Lahadi da rana a saman benen zauren unguwa. An rubuta a ƙasa: “Mai sha ya zo, danginsa ma su zo.” Na ce wa Mama zan fara zuwa koyon ɗaura kimono, ta yi murna har da ba ni kuɗin jirgi.

Ranar farko hazo ya rufe teku. Na sa farar riga mai dogon hannu da siket ruwan toka, na ɗaure gashi, na fito kamar mai zuwa neman aiki. Jirgin na tafiya ba ka ganin gaba ba ka ganin baya, sai tsibirai su ɓullo su nutse, ni kuma ina jin kamar mafarki nake, in na farka zan ga ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba. Motoki ya leƙo da hularsa a hannu.

“Ina zuwa haka, Fumino-san?” (San ɗin nan girmamawa ce a wurinmu, kamar a ce Malam ko Malama.)

“Makarantar amare,” na ce.

Kunnuwansa suka yi ja, ya koma bakin igiyarsa.

A ƙofar zauren na cire takalmi na sa silifa, na hau bene. Ɗakin mai tabarma ne, an jera matasan zama layi biyu suna fuskantar juna. A layin taga maza ne zalla, yawancinsu dattawa. A layin bango mata ne, matansu da uwayensu. Kafin in buɗe baki wata gajeriyar tsohuwa mai farin gashi da riga mai furanni ta taso ta kama hannuna biyu.

“Ayya, 'yar nan! Ke kaɗai kika zo? Ya ƙi biyo ki ko? Haka suke da farko. Zo nan kusa da ni. Ni ce Tamae, wancan mai sanƙon da ke jan taro mijina ne, Shigemori. Shekara ashirin na yi ina kwashe shi daga bakin titi.”

“Ashirin da biyu,” in ji mai sanƙon daga can.

“Ji shi, har da alfahari!”

Ta zaunar da ni a layin bango, ta tura min shayi da alewa. Ba wanda ya tambaye ni ko ni ce. Yarinya da farar riga, gashi a ɗaure, ina ita ina kwalba? Tamae-san ta sunkuyo ta ce, “Babanki ne, ko yayanki?”

Ku ji ni da kyau, masu karatu, kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Na duba layin taga, babu mace ko ɗaya. Sai na ji bakina ya ce, “Wanda zan aura ne.”

Gaba ɗaya layin bango ya ja numfashi. Wata ta ce, “Tun ba a shiga ba?” Wata ta ce, “Gara da kika sani tun yanzu.”

Dokar wurin ɗaya ce, Shigemori-san kan maimaita ta kafin a fara: a faɗa a bari, a ji a bari. Ba mai katse ka, ba mai ba ka amsa, ba mai fita da maganarka waje. Kowa zai faɗi cikakken sunansa, ya faɗi abin da ya sha da abin da ya ɓata, a tafa masa, na gaba ya ɗauka. Layin taga ke farawa, layin bango ya biyo. Wani tsohon masunci ya ce shi a cikin takalmin roba yake ɓoye kwalbarsa. Wani ya ce ranar auren 'yarsa a bayan gida ya farka. Ina jin su ina jin kamar wani ne ke karanta min abin da ke cikin cikina da muryar maza.

Da layi ya zo kaina na faɗi komai, sai dai na canza mai shi. Na ce yana zubawa a flas ɗin shayi. Na ce hannunsa na rawa da tsakar rana. Na ce yana tsoron ranar baiko. Na yi kuka na gaske, Tamae-san na shafa min baya tana cewa, “Mugu, zai gane kurensa.” Na fito sakayau kamar an sauke min dutse, na kuma tsaya a shagon bakin gaɓa na sayi gwangwanin giya biyu. Ba zan ɓoye muku ba.

Haka na yi ta zuwa, Lahadi bayan Lahadi, har furen lemo ya kaɗe damina ta shigo. Abin mamaki, wani abu ya soma kama ni. Wata Lahadin na wuce shagon ban tsaya ba. Wani makon na yi kwanaki flas ɗina shayi ne tsantsa, har na zo na ba su labari cewa “ya ɗan rage,” suka tafa wa Motoki. Matan nan suka mayar da ni 'yarsu. Suna kawo min tsamin kabeji a roba, suna koya min kada in biya masa bashi, kada in yi masa ƙarya a wurin aiki. Tamae-san kuwa ba ta gajiya da tambaya a lokacin shan shayi.

“Wai me yake yi ne, angon namu?”

“A jirgin fito yake.”

“Jirgi? Da mutane a ciki? Sunansa wa?”

Da na yi shiru ai da na tsira. Amma na saba da daɗin bakinta, sunan ya zame min kafin in kama shi. Ta gyaɗa kai kawai, ta ƙara min shayi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina rumfa saƙonsa ya shigo, ba a lokacin da ya saba ba.

“Wata tsohuwa ta same ni a gaɓa yau.”

Na rubuta, “Wace tsohuwa?”

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga wannan:

“Lahadi ba ni da aiki.”

Na kira bai ɗauka ba. Ran Asabar ba “teku ta kwanta,” ba “kin karya.” Na riƙe flas ɗin nan na buɗe na rufe har murfin ya yi zafi a hannuna. Mama na ɗaki tana waƙa tana yi wa kimono guga, ta leƙo ta ce in zo in ga takalman da ta saya min. Na yi tunanin in ƙi zuwa taron, in ce ciwon kai. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma na riga na ji kaina ya taɓo ƙarshensa.

Lahadi aka tashi da yayyafi. Ban gan shi a jirgi ba, har na soma lallashin kaina cewa wata tsohuwar ce daban, mai neman hanya ko mai sayar da kifi. Na hau bene, na zauna a wurina. Tamae-san sai murmushi take, ta sa jan baki, abin da ban taɓa gani ba.

“Yau akwai abin daɗi,” ta raɗa min. “Kar ki yi fushi da ni. Na san doka, na kuma taka ta, zan ba da haƙuri daga baya. Amma ba zan zuba ido yarinya kamarki ta shiga abin da na shiga ba. Na je na same shi. Na ce masa, ɗana, yarinyar nan kullum tana zuwa tana kuka saboda shan da kake yi, ka ji tsoron alhakinta ka zo.”

Tana rufe baki aka turo ƙofa.

Ya sa baƙar kwat, wadda na san ta zuwa gaisuwar iyaye ce, kafaɗunsa sun jiƙe da ruwa. Silifar zauren ta yi masa kaɗan, dugadugansa a waje. Ya rusuna wa ɗakin. Layin taga ya ɗauki tafi, tsohon masuncin nan har da cewa, “Barka da zuwa, ƙane! Mun daɗe muna jin labarinka.”

“Kai ne mai flas!” in ji wani.

Shigemori-san ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya jawo matashi ya ajiye a layin taga. “Zauna nan, samari. Hawan benen nan shi ne mai wuya, kuma ka hau.”

Motoki ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi jin sauƙi. Ya dubi hannuwana da na cusa a ƙarƙashin cinya don kada a ga rawarsu, ya dubi jakata inda kan flas ya leƙo. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarsa. Sai ya ɗaga kai ya dubi silin, yadda yake yi in yana neman magana, ya taka a hankali ya je ya durƙusa a kan matashin nan, a layin mashaya.

Shigemori-san ya ce, “Baƙo ke farawa in yana so. Cikakken suna, sai abin da ya sawwaƙa.”

Masu karatu, ga abin da ya ratsa kaina, kuma ba na alfahari da shi. Na ce a raina, bar shi. Ai shi ya zaɓa. Zai faɗi suna, a tafa, mu koma gida, a yi baiko, Mama ta yi rawa, in bar giya a ɓoye kamar yadda na sha ta a ɓoye. Gidan nan mai taga ya dawo min ƙarara, har ina jin ƙamshin sabuwar tabarma. Sai kuma na duba ɗakin. Mutum nawa ne a nan ke hawa jirginsa? Tamae-san da ta fi kowa sona ba ta iya riƙe doka ba, ina ga sauran? Kalma ɗaya ta kai ofishin jirgi, karatun da yake yi a ɗan ɗakin injin ya tashi a banza, ba kyaftin ba, ko igiyar ma sai an karɓe.

“Sunana Motoki Hama…”

“Tashi.”

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Ban kuma san lokacin da na miƙe ba. Tsakanin layin bango da layin taga bai fi tsawon mutum ɗaya ba, amma na daɗe ina tafiya a cikinsa, ina jin tabarma na motsi a ƙarƙashina kamar jirgi.

“Fumino-san, ba a katse mai magana,” in ji Shigemori-san.

“Ku yi haƙuri. Wurina ya zauna.” Na tsaya a kan Motoki. “Tashi, don Allah.”

Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. “In kika faɗa, ba ya komawa.”

“Na sani.”

Ya tashi. Na durƙusa a wurin, da ɗumin jikinsa a matashin. Daga nan ɗakin ya canza kama, yanzu fuskokin matan nan ne a gabana, ga Tamae-san ta dafe baki da hannu biyu, jan bakin ya shafe mata yatsu.

“Sunana Fumino Kurahashi,” na ce. “Flas ɗin nawa ne. Hannun da ke rawa nawa ne, ga shi ku gani. Mutumin nan ban taɓa ganin ya sha abin da ya wuce shayi ba. Duk abin da na faɗa muku gaskiya ne, sunan ne kawai na sata. Ni ce mai sha, kuma ina so in bari, kuma ban san yadda ake yi ba.”

Na ci gaba, ban san me da me na faɗa ba. Na tuna dai ruwa na bin gilashin taga a bayana, da ƙarar jirgi can nesa. Na dai kai ƙarshe. Sai tsohon masuncin ya fara tafi shi kaɗai, a hankali, da manyan hannuwansa, sauran suka bi. Ya matso da matashinsa kusa da nawa ya ce, “Sannu da zuwa, ƙanwa.” A nan ne kukan ya ƙwace min.

Ban iya neman Motoki da ido ba. Ƙofa da layin bango duk gefe ɗaya suke, na ji takunsa ya nufi can, na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar ƙofa. Layin taga ya gama zagayowa ban ji ta ba. Aka koma layin bango, mata suka yi ta faɗin nasu, Tamae-san ta ba da haƙuri cikin kuka har mijinta ya miƙa mata hankici. Sai na ji Shigemori-san ya ce, “Saura wanda ke kusa da Tamae.”

Na ɗago. Yana durƙushe a inda na saba zama, ƙato a tsakiyar tsofaffin mata, kwat ɗinsa na ɗiga a tabarma, an riga an tura masa shayi da alewa. Ya daɗe yana duban silin.

“Sunana Motoki Hamaguchi,” ya ce. “Yau na fara zuwa, ban san komai ba tukuna. An ce a nan ana faɗa a bari.” Ya sauko da ido kan tabarma. “To ina jin haushi. Ban taɓa jin haushin mutum irin na yau ba. Na faɗa.”

Aka tafa masa. Bai dube ni ba, ko sau ɗaya, har aka tashi. Amma da ana naɗe matasai na ji yana tambayar Tamae-san ko Lahadi mai zuwa ma a nan ne.

Na sauko na tarar da shi a bakin ƙofa ya buɗe lema, ya tsaya ya ba ni baya. Wayata ta yi ƙara, Mama ce: “Uwar Motoki na gidanmu, ku zo tare in kin gan shi.” Jirgi ɗaya ne ya rage mai komawa tsibirinmu, kuma har muka kai gaɓa bai ce da ni komai ba, sai dai lemar a kaina take.